Ra'ayinmu: Ina 'Ya'yan Baƙi Za Su Yi Wasa?

A cikin makon jiya wani ma'aikacin lafiya, wanda shi kansa bai daɗe da barin bencin ɗalibai ba, ya ziyarce mu a ofishin wannan mujalla da wata tambaya wadda da farko muka ɗauka ƙarama ce, sai da muka nemi amsarta muka ga ashe ba mu da ita. An yi masa canjin wurin aiki zuwa Jega, ya kama hayar gida a Jega Firchin, ya kwaso iyalinsa daga Zariya, uwargida da 'ya'ya uku, maza biyu da mace ɗaya, babbansu yana da shekara 11. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Ƙannena, ku ne 'yan gari, ku ne kuma masu rubutu. Wata huɗu ke nan da zuwanmu. Na san inda ake sayen shinkafa, na san inda ake gyaran babur, na san masallacin da ya fi kusa. Amma har yau ban san inda zan kai yaran nan su yi gudu ba. Daga makaranta sai ɗaki, daga ɗaki sai Islamiyya, in sun dawo kuma sai faɗa a kan wayar uwarsu." Ya ƙara da cewa uwargidan ta fara maganar komawa Zariya da yaran, shi ya riƙa zuwa ƙarshen wata.

Mun san akwai masu karatu da za su yi murmushi, su ce ana fama da tsadar abinci da kuɗin makaranta, wa ke ta wasan yara? To, a dubi ƙarshen maganar mutumin. Idan iyalin nan suka koma, Jega ba ta samu ma'aikacin lafiya ba, ta samu matafiyi ne, wanda tun ranar Alhamis hankalinsa yana tashar mota, ran Litinin kuma ba ya isowa sai rana ta take. Duk wanda ya taɓa zama a layin asibiti, ko ya jira malami a aji, ya san irin wannan ma'aikaci, kuma ba kullum ne laifinsa ba. Tun da aka ƙirƙiro jihar Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, ga kwalejin koyon aikin lafiya a Jega, ga sakatariyoyin ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama, ga bankuna, ga 'yan hidimar ƙasa, waɗannan garuruwa uku suna karɓar sababbin ma'aikata kowace shekara. Yawancinsu matasa ne masu ƙananan 'ya'ya. Mu ma da muke karatu yau, gobe ita ce makomarmu, domin takardar ɗaukar aiki ba ta tambayar mutum garin da yake so. Abin da ke zaunar da irin wannan ma'aikaci a gari ba albashi kaɗai ba ne. In 'ya'yansa suka yi abokai, to, ya zauna.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, in akwai garin da ya kamata ya iya karɓar baƙo a duk ƙasar Gwandu, to, Jega ne. Baƙi ne suka kafa shi. Buhari ɗan Abdussalami, wanda mahaifinsa ya zauna a Gimbana kafin jihadi, shi ya kafa garin wajen 1820, kuma kafin ƙarni na 19 ya ƙare kasuwar Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya, inda fataken goro masu bin hanyar Gwanja suke yada zango, Nufawa da Yarabawa da Buzaye kowa da hajarsa. Har yau nan ne hanyar da ta taso daga Kontagora da Yawuri take rabuwa, ɗaya ta nufi Sakkwato ta Aliero, ɗaya ta nufi Birnin Kebbi. Garin ya san yadda ake sauke falke: akwai fatoma mai ba shi masauki, akwai dillali mai haɗa shi da mai saye. Amma ɗan baƙo ba shi da fatoma. Wannan shi ne giɓin da muke magana a kansa.

Likitoci sun riga sun faɗi nasu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin jagorar da ta fitar a 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki mai sa numfashi ya ɗaga na kimanin minti 60 kowace rana. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta sa wasa da hutu cikin haƙƙoƙin yaro a sashe na 31. Kakanninmu kuwa ba su jira takarda daga Janeba ba kafin su gane haka. In suka ga yaro ya lafe a ɗaki rana tsaka ba ya fita, cewa suke yi ba shi da lafiya.

Gaskiyar magana, ba wai babu wasa a Jega ko Aliero ko Maiyama ba ne. Akwai shi birjik, sai dai ba a kafa masa allo ba. Mutumin da ya saba da babban birni yana neman gini mai ƙofa da maigadi da fom ɗin cikewa, alhali a nan ƙofar wasa mutum ce, ba gini ba. Saboda haka shawararmu ta farko ga baƙo ita ce ya yi abin da iyayenmu suke yi in sun sauka gari: ya sa rigarsa ya je ya gai da mai unguwa, ya gabatar da kansa ga limamin masallacin da yake salla, ya kai yaran da hannunsa wurin hedimasta da malamin Islamiyya, ya kuma faɗi bukatarsa a fili ba tare da jin nauyi ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da yara, ina so su shiga cikin 'yan'uwansu." Ba mu taɓa jin mai unguwar da aka faɗa wa haka ya rasa gidan da zai nuna ba. Matambayi ba ya ɓata. Sai dai a gargaɗi yaran tun daga gida cewa za a yi musu dariya. Yaron da ya zo yana cewa "me" da "fili" ya faɗo cikin masu cewa "mi" da "hili", dole a tsokane shi kwana biyu. Wannan ba ƙiyayya ba ce, kuɗin shiga ne, kuma mun ga yaran da kafin damina ta zagayo sun fi iyayensu iya Sakkwatanci har ana yi wa iyayen tafinta a kasuwa.

Idan yaro ya samu shiga, wasan da muke so a fara nuna masa shi ne langa, domin ba ta bukatar ƙwallo ko takalmi ko ko sisin kwabo. Yaro ya kama yatsan ƙafarsa ɗaya da hannu ta baya, ya tsaya a kan ɗayar, yana tsalle yana ture abokin karawa da kafaɗa. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. A rabu gida biyu, kowane gida ya fid da "ruwa", wato wanda za a kare har ya isa inda aka shata, sauran su zama garkuwarsa. Duk wanda ya yi langa ta minti goma ya san ba wasan raggo ba ce: tana gina cinya da ƙugu, tana koya wa yaro tsayuwa daidai, kuma tana koya masa abin da ya fi wannan, wato ƙaton da ya fi kowa ƙarfi aikinsa shi ne ya tsare ƙaramin da aka sa ruwa. Baƙon yaro da aka sa ruwa sau ɗaya aka kai shi gida lafiya, ya daina zama baƙo. Akwai 'yan boko da suke ganin irin wannan wasa na ƙauye ne, gara yaro ya zauna da waya. Muna tuna musu cewa langa da kokawa da dambe suna cikin wasannin gargajiya da ake gasarsu a Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa, waɗanda jiharsu ta Doso take iyaka da mu, tun 1975 suka mai da kokawa gasar ƙasa, aka fara a Tawa, kuma wanda ya ci takobin ƙasa duk ƙasar ta san sunansa. Kokawar yara a kan yashi bayan an kau da amfanin gona, in da babba a tsaye, ba mu ga aibunta ba. Dambe dai mu bar wa manya.

Ƙwallon ƙafa ba ta bukatar mu yi mata talla. Kowace unguwa tana da kulob ɗinta na yara, galibi a hannun wani saurayi da ake kira koci, wanda ba wanda yake biyansa. Da yawa daga cikin samarin nan mutanen kirki ne masu yi don so, kuma daga irin filayensu na ƙura ne ƙasar nan ta samo yaran da suka ciwo kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙasar Sin a 1985. Amma uba ya je da ƙafarsa ya ga kocin, ya san gidansu, ya san wa yake wasa da ɗansa. Kada a jefa ɗan shekara 9 cikin masu gemu, kada a yarda da karɓar kuɗi da sunan za a kai yaro Turai, kuma sharaɗi ya zama kiran sallar magariba shi ne usur na ƙarshe. A kuma lura da lokaci. Daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi yake haura digiri 40 a wannan yanki, wasan rana ganganci ne. Sai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da ruwan sha a gefe. Da hunturu kuwa yaro mai asma a kula da shi saboda ƙura. Uwar da take tsoron karaya, maƙwabta za su yi mata barkwanci cewa ta kwantar da hankalinta tun da Aliero garin masu ɗori ne, kuma sunan da garin ya yi a wannan sana'a ba ƙarya ba ne. Mu dai namu shi ne a fara zuwa asibiti a ɗauki hoto.

Inda muke da ƙorafi na gaske shi ne filin makaranta. Iyayenmu da suka shiga firamare a zamanin shirin ilmi kyauta na 1976 suna ba mu labarin makarantar da take da fili kafin ta sami katanga, da malamin wasanni mai usur a wuya, da komawa makaranta da yamma don guje-guje da tsalle-tsalle, da gasar gidaje ta shekara wadda hakimi da kansa yake halarta. Ba mu ce komai na wancan zamani zinariya ba ne, amma wannan ɗaya sun fi mu. Yau a garuruwa da yawa na Arewa makarantar kuɗi takan buɗe a cikin gidan haya mai ɗaki shida, tsakar gidan ko tabarma goma ba ta ɗauka, ma'aikaci kuma ya kai ɗansa can don an ce ana Turanci. Filayen da suka rage a bayan gari kuma, da zarar gari ya fara bunƙasa sai a wayi gari an yanka su fuloti-fuloti an jibge bulo. Shawararmu ga baƙo: kafin ka biya kuɗin zango, ka ce a nuna maka inda yara suke wasa, ka tambayi ranar da ake yi. In aka fara kame-kame, ka san abin da ka saya.

Duk abin da muka faɗa zuwa nan na 'ya'ya maza ne, kuma mun lura shi kansa mai tambayar da ya ce "yaran nan" maza biyun yake nufi, sai da muka tuna masa da ta ukun. Yarinyar gari tana da dandali, tana da gaɗa da carafke da 'yar gala-gala, tana da ƙawayen da aka haife su tare. 'Yar baƙo ba ta da ko ɗaya, kuma ita ce ba a bari ta leƙa ƙofar gida. Nan aikin na uwaye ne. Uwargida ta shiga maƙwabta, ta je suna da biki, ta ja 'yarta; gida mai faɗin tsakar gida ya zama wurin haɗuwar 'yan mata da yamma, da igiyar tsalle da ƙwallo guda. Makarantun Islamiyya na mata da makarantun 'yan mata masu katanga suna iya ware awa ɗaya a mako don ƙwallon raga ko ƙwallon hannu, a ƙarƙashin malama, cikin sutura ta mutunci. Ba mu ga inda wannan ya saɓa wa addini ko al'ada ba, kuma muna ƙalubalantar 'yan'uwanmu ɗalibai mata, waɗanda suka fi mu sanin abin da zaman ɗaki yake yi wa jikin yarinya, su karɓi wannan ɓangare.

Sai maganar gulbi, wadda ita ce ta fi tayar mana da hankali. Jega tana bakin Gulbin Zamfara, kuma yaron da aka hana shi fili, wata rana zai bi abokai zuwa ruwa ba da sanin kowa ba. Yaran gari sun san inda yake da zurfi, sun san inda yashi yake zabtarewa, sun san gulbin da suka tsallaka da ƙafa a watan Afrilu ba shi ne na watan Agusta ba. Wanda ya ga ambaliyar 2020, da ta cinye gonakin shinkafa a faɗin jihar nan, ba ya bukatar a faɗa masa. Ɗan baƙo bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ga shi kuma yana son ya nuna shi ma namiji ne. Bayan nutsewa akwai tsargiya, wadda ake ɗauka daga ruwan da dodon koɗi yake zaune a ciki, tsutsar ta huda fata ta shiga jiki, bayan wani lokaci yaro ya fara fitsarin jini. Har yanzu akwai masu ɗaukar wannan alamar balaga ce. Ciwo ne, yana cin jini yana dakushe karatu, kuma maganinsa yana asibiti. To, me za a yi? Hani kaɗai ba ya aiki, kowa ya san haka daga ƙuruciyarsa. Abin da muke gani shi ne uba ya kai yaran bakin gulbi da kansa, tare da wani dattijo daga cikin masunta, a nuna musu haɗarin da idonsu, a kafa doka cewa ba mai shiga ruwa sai da babba. Abin takaici ne a ce jihar da duniya ta san ta da wasannin ruwa, yawancin 'ya'yan ma'aikatanta ba su iya iyo ba, kuma ba su da wurin koyo mai tsabta kusa da su. Haɗarin jirgin ruwa na Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, cikin Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, ya isa ya sa hukuma ta ɗauki koyar da iyo da sa rigar ruwa da muhimmanci.

Fita yawon buɗe ido kuwa ba ta da wuya kamar yadda baƙo yake zato. Aliero da Maiyama kowanne bai kai tafiyar rabin sa'a a mota daga Jega ba. Da rani a kai yara gonakin albasa na Aliero su taka da ƙafa, su ga yadda ake ban ruwa da yadda ake jera albasa a rudu, su san abin da manyan motocin nan suke ɗauka zuwa Kudu. A Birnin Kebbi akwai filin wasa na Haliru Abdu, inda yaro zai ga fili mai layi da alƙalin wasa na gaske. A Gwandu akwai hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Argungu kuwa tafiyar yini ce, a je a dawo: ga gidan tarihi na Kanta, ginin da aka yi a 1831, wanda ya kasance fadar sarakunan Kabi har 1942 kafin a mai da shi gidan tarihi a 1958, ga Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin da ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. In an yi sa'a shekarar da aka yi bikin, yara su kalli kabanci, wato tseren kwalekwale da ninƙaya da kamun agwagwa da su da hannu. Ba za mu ɓoye cewa iyaye suna da dalilin fargaba ba. Tun da aka sace ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri cikin Yunin 2021 babu uban da yake sakin ɗansa a hanya da zuciya ɗaya. A yi tafiya da rana, a bi babbar hanya, a tambayi direbobin tasha labarin hanya, a haɗu gida biyu ko uku a mota ɗaya.

Ga shugabannin ƙananan hukumomin uku da kansilolinsu, roƙonmu bai fi ƙarfinsu ba: kowace mazaɓa a keɓe fili ɗaya, a auna shi, a rubuta shi da sunan jama'a, a sanar da hakimi da mai unguwa, yadda ba mai iya yanka shi a ɓoye. Ba mu ce a gina sitadiyam ba. Turaku huɗu, da 'yan itatuwan dogonyaro don inuwa, da randar ruwa, sun isa a fara. Sakatarorin ilmi kuma su yarda a buɗe filayen firamare da yamma da ranar Asabar a ƙarƙashin wani da aka sani.

Amma ba za mu nuna wa hukuma yatsa mu manta da sauran yatsun da suke nuna mu ba. Jami'o'in ƙasar nan suna gasar wasanni a tsakaninsu tun 1966, kuma kowace ƙungiyar ɗalibai tana da sakataren wasanni, wanda sau da yawa ba a jin ɗuriyarsa sai lokacin kofin shugaban jami'a. A cikinmu akwai masu buga ƙwallo, akwai tsofaffin 'yan sikawut, akwai 'yan agaji da suka iya taimakon farko, akwai waɗanda suka tashi a bakin ruwa a Yawuri da Argungu. Za a ce karatu muka zo yi, kuma gaskiya ne. Za a ce in aka tafi hutu ko yajin aiki abin zai mutu, wannan ma gaskiya ne, shi ya sa muke so a yi shi tare da kocin unguwa da malaman firamare waɗanda ba sa zuwa ko'ina, mu mu zama 'yan taya aiki. Awa biyu ranar Asabar da safe ba ta taɓa kayar da kowa jarrabawa ba. Hirar gidan kallon ƙwallo ta fi haka cin lokaci.

Saboda haka wannan mujalla tana gabatar wa majalisar ƙungiyar ɗalibai shawara biyu a zamanta mai zuwa. Ta farko, a nemi izinin hukumar makaranta da na iyayen ƙasa a fara wasan yara na safiyar Asabar, a fara da wuri ɗaya a Jega Firchin, maza a filinsu, mata a nasu tare da ɗalibai mata. Ta biyu, a tattara sunayen filaye da ranakun wasa da manyan da suke kula da kowanne a garuruwan uku, a buga a takarda ɗaya, a ajiye a sakatariyoyi da asibitoci da ofishin rajista, yadda duk ma'aikacin da ya zo kama aiki za a miƙa masa tare da takardunsa. Wanda yake son shiga ya kawo sunansa ofishinmu kafin ranar Laraba, ya kuma rubuta wasan da ya iya. Mai tambayarmu ya riga ya yi alkawarin ƙwallo biyu da akwatin taimakon farko, uwargidansa kuma ta yarda ta dakata da maganar Zariya har ƙarshen wannan zango.